Jami'ar Abuja: Daga Ginin Firamare a Gwagwalada

Lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Jami'ar Abuja a watan Janairun 1988, shi kansa birnin bai gama zama gari ba. Sai a Disambar 1991 aka kwaso kujerar mulki daga Legas. Jami'ar ta fara karatu a 1990 cikin wasu gine-gine uku da aka yi domin makarantar firamare a Gwagwalada, Farfesa Isa Baba Mohammed yana shugabanta na farko.

Tun daga tushe an ɗora mata aiki biyu: ta koyar da ɗaliban da ke zaune a aji, ta kuma koyar da waɗanda ke nesa. Wannan na biyun yana da dalili. Gwamnatin Shehu Shagari ta kafa buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, ba a farfaɗo da ita ba sai zamanin Obasanjo. A tsakanin nan, ma'aikacin gwamnati da aka yi wa sauyin wurin aiki zuwa Abuja, ga iyali ga albashin da ba zai iya bari ba, ina zai nemi digiri? Haka ma malamin makaranta mai takardar NCE da ke son ƙarin girma. Cibiyar karatu daga nesa ta jami'ar ita ta buɗe musu ƙofa, kuma da dama daga cikinsu fannin koyarwa da kimiyyar zamantakewa suka nufa: tattalin arziki, kimiyyar siyasa, nazarin halayyar al'umma.

A ganina waɗannan fannoni ne suka riƙe jami'ar a shekarun ƙuruciyarta, ko da yake ba su ake yi wa kirari ba. Ba sa buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Malami, allo da littattafai sun wadatar. Garin kuwa kansa abin nazari ne: ƙauyukan Gbagyi da aka tasa, unguwanni irin su Nyanya da Kubwa da suka cika maƙil, baƙi daga kowace jiha. Mai koyon aikin jin daɗin jama'a ba sai ya yi doguwar tafiya neman misali ba.

Farfesa Gambo Laraba Abdullahi, 'yar Azare, ta karɓi shugabanci a ƙarshen shekarun 1990, abin da ba a saba gani ga mace ba a lokacin. Bayanta Farfesa Nuhu Yaqub, masanin kimiyyar siyasa, ya zo a 2004, kuma a 2009 aka fara ƙaura zuwa mazauni na dindindin a kan hanyar filin jirgin sama. Jami'ar ta faɗaɗa, amma faɗaɗawar ta zo da gaggawa. A 2012 gwamnatin tarayya ta dakatar da karatun likitanci, injiniyanci, aikin gona da likitancin dabbobi saboda rashin cika sharuɗɗa, ɗalibai suka yi ta zanga-zanga kafin a daidaita lamarin. Tsangayar ilimi da ta kimiyyar zamantakewa ba su shiga wannan dakatarwa ba.

A Disambar 2024 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a sauya mata suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon, amma har yau mafi yawan mutanen gari Jami'ar Abuja suke ce mata.