Tsarkin Allah a koyarwar Kirista

A bakin Bahaushe, tsarki yakan nufi wanke najasa kafin ibada. Amma idan Kirista ya ce Allah mai tsarki ne, maganar ta wuce batun tsabta. Kalmar ta samu gindin zama a cocin masu jin Hausa tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen a 1932.

Asalin kalmar

Da Ibraniyanci ana cewa "kadosh", wadda tushenta ɗaya da "Ƙuddus" na Larabci. Ma'anarta keɓewa. Malaman Kirista suna fitar da abu biyu daga ciki: Allah dabam yake da duk halitta, ba shi da tamka, kuma ba shi da aibi, ba ya yarda da zalunci ko ƙarya.

Inda aka kafa hujja

Babban nassi shi ne babi na 6 na littafin Ishaya. A shekarar da sarki Uzziya ya rasu, wajen 740 kafin haihuwar Almasihu, annabin ya ga wahayi a Haikali, mala'iku suna maimaita kalmar har sau uku. Da Ibraniyanci maimaitawa alamar ƙarfafa magana ce. Ishaya ya razana, ya ga kansa mai zunubi, sai aka taɓa bakinsa da garwashi, aka gafarta masa, aka aike shi. Daga nan masana ke cewa tsarkin Allah yana tona laifin mutum, kuma shi ne ke wanke shi.

Tsarin Haikalin Urushalima ma ya nuna haka: Wuri Mafi Tsarki yana bayan labule, babban firist kaɗai ke shiga, sau ɗaya a shekara, ranar kafara. Linjila ta ce labulen ya tsage lokacin mutuwar Yesu, abin da Kiristoci ke fassarawa da buɗewar hanya zuwa ga Allah.

Abin da ake nema ga mai bi

Littafin Firistoci, babi na 19, ya umarci jama'a su zama masu tsarki saboda Allahnsu mai tsarki ne. Sannan ya jero aikin: a bar wa matalauta da baƙi gefen gona lokacin girbi, kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun mai gida, kada a yi algus a mudu ko sikeli. Wato a gona da kasuwa ake gane tsarkin mutum, ba a ɗakin ibada kawai ba.

Bambancin ɗariƙu

Ƴan Katolika suna rera waƙar da aka ɗauko daga wahayin Ishaya a kowace hidimar jibi, kuma babban taron Vatikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya jaddada cewa kiran tsarki na kowane mai bi ne, ba na limamai kaɗai ba. A ɓangaren Furotesta, John Wesley na Ingila, wanda ya rasu a 1791, ya koyar da cewa mai bi na iya kai ga cikakkiyar ƙauna tun a duniya. Mabiyan Luther da Calvin ba su yarda ba: a ganinsu, kokawa da zunubi ba ta ƙarewa sai rai ya yi halinsa.