Koyo ta Hanyar Sabo: Hujjar Mazhabar Zahiri da Iyakarta

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda mazhabar zahiri ta fassara koyo, tun daga gwajin Pavlov har zuwa na Garcia, domin ta tabbatar da cewa sabo haƙiƙa ne, amma fiɗirar halitta ce ke shata masa iyaka.

Gabatarwa

A shekarar 1913 ne John Watson, malami a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ya wallafa maƙalar da ta zama ginshiƙin wannan mazhaba, inda ya kafa hujja cewa tun da abin da ke cikin zuciya gaibu ne ga mai bincike, ba ya aunuwa, ba a kuma samun shaidu biyu a kansa, to wajibi ne ilmin halayya ya taƙaita ga abin da ido ke gani, wato abin da ya sami halitta da kuma martanin da ta mayar.

Asalin Ka'idar

Madogarar Watson ita ce aikin Ivan Pavlov, masanin nan na Rasha wanda ya sami lambar Nobel a 1904 bisa bincikensa kan narkewar abinci. Pavlov ya lura cewa karnukansa kan fara dalalar da miyau tun abinci bai shiga bakinsu ba, don haka ya riƙa gabatar da wani sauti kafin ya ba su garin nama, har ta kai sautin kaɗai ya wadatar miyau ya zubo. Ya kuma gano cewa idan aka yawaita sautin ba nama, martanin yakan dushe, amma bayan hutu sai ya sake ɓullowa, alamar cewa sabon ya kwanta ne, bai mutu ba.

A 1920 Watson da Rosalie Rayner suka ɗora wannan ka'ida a kan jariri mai kimanin wata 11 da suka kira Albert: duk lokacin da ya kai hannu ga farin ɓera, sai a buga sandar ƙarfe da guduma a bayansa, har ya zamana ganin ɓeran kaɗai kan sa shi kuka, tsoron kuma ya yaɗu har ga zomo. Hausawa sun daɗe da sanin wannan, da suke cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai tsoratar da jariri da gangan zalunci ne da neman ilmi ba ya halatta shi. Abin yabo shi ne aikin Mary Cover Jones, wadda a 1924 ta cire wa wani yaro tsoron zomo ta hanyar matso da zomon sannu a hankali yayin da yaron ke cin abin da yake so.

Daga nan B. F. Skinner, a littafinsa na 1938, ya faɗaɗa ka'idar Edward Thorndike cewa aikin da alheri ya biyo bayansa shi ake maimaitawa, ya tabbatar da ita da ɓerayen da ke danna ƙarfe su sami abinci.

Iyakar Ka'idar

Zaton da ya rinjaya a mazhabar shi ne kowace alama tana iya haɗuwa da kowane sakamako, muddin an kusanta su a lokaci. A 1966 John Garcia da Robert Koelling suka raunana wannan zato, domin sun shayar da ɓeraye ruwa mai ɗanɗano haɗe da haske da ƙara, sa'an nan waɗanda aka sa wa tashin zuciya suka ƙaurace wa ɗanɗanon, waɗanda kuwa aka jona wa lantarki a ƙafa suka ƙaurace wa hasken da ƙarar. Bugu da ƙari, Garcia ya nuna ƙyamar ɗanɗano tana kafuwa ko da ciwon ya jinkirta da sa'o'i.

Kammalawa

Abin da waɗannan dalilai suka hukunta shi ne, mazhabar zahiri ta dace wajen bayyana yadda sabo ke ƙulluwa da yadda ake warware shi, har masu maganin tsoro suna cin moriyarta a yau. Amma ta yi kure da ta ɗauki halitta tamkar wankakken allo, alhali kuwa kowace halitta da shirinta take zuwa, kuma mai tarbiyya ba zai ci nasara ba sai ya san wannan shiri kafin ya fara horo.