Zanen da ke bayan hoto

A yawancin gidajen Arewa da suka ga jiya, akwai wani tsohon hoto baƙi da fari, ko a rataye a bango ko a ƙasan akwati cikin ambulan. Amarya ce zaune a bakin gado mai rumfa, ko magidanci da rediyonsa a kan ɗan teburi. Masu gida kan dubi fuska, su faɗi sunan mai ita da shekarar da ta rasu. Da wuya a sami wanda zai tsaya a kan abin da ke bayanta, wato zanen gadon da aka yi wa surfani da furanni, da rigunan filo da aka jera har suka kusa taɓa rumfa, da ɗan ƙyallen kwarashi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin rediyon. Alhali sau da yawa wannan hoton ne kaɗai shaidar da ta rage cewa kayan sun taɓa wanzuwa, kuma mai hoton bai ɗauke su da gangan ba.

Haka abin yake a Afirka ta Yamma baki ɗaya. Seydou Keïta, mai hoton nan na Bamako da ya buɗe shagonsa a 1948, da zanen gadonsa mai geza ya fara yin labulen da mutane ke tsayawa a gabansa. Yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka, zanen gadon kuma ya shiga tarihi ta bayan fage. Kayan shimfiɗa na gida sun saba shiga hoto a matsayin 'yan rakiya.

Ƙasar Birnin Gwari wuri ne da wannan rashi ya fi ciwo, saboda dalilai biyu da ke nesa da juna a zamani. Na farko tsoho ne. Yankin yana yammacin Jihar Kaduna, inda ta haɗu da Neja da Zamfara da Katsina, kuma ya ƙunshi dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 a ƙarƙashin En'e, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,120. Dajin doka ne, kuma a irin wannan daji ake samun tsutsar da ke saƙa gidanta a jikin itace, wadda daga gare ta ake samun alharinin gida da Hausawa ke kira tsamiya. Akwai ta itacen tsamiya, akwai ta doka. Ana tattaro gidajen tsutsar, a dafa su da ruwan toka har danƙon ya sake, sannan mata su kaɗa zaren da mazari. Wannan zare mai launin ƙasa-ƙasa shi ne ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Ta gabas da arewa kuwa ƙasar ta jingina da yankin auduga na Zariya da Funtuwa. Ga daji mai ba da tsamiya, ga auduga a maƙwabta, ga hanyar fatake da ke gangarawa ƙasar Nufe. Mutanen da ke zaune a nan, Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani, suna tsakiyar duniyar saƙa tun kafin Turawa.

Girman wannan duniya ba a ɓoye yake ba. Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kowane zare a cikin wannan lissafi ya bi ta hannun mace. Ita ke gurzar auduga ta fitar da angurya, ta yi shiɓa, ta shafa alli a yatsu ta yi kaɗi, siririn zare daban, abawa daban. Masaƙi namiji yana saƙa siraran ƙyallaye da ƙoshiya, a ɗinke su gefe da gefe su zama riga ko luru. Mace kuma tana da nata masaƙar a tsaye cikin gida, inda take fitar da gwado mai faɗi, na rufa da na shimfiɗa da na goyo. Aikin namiji ya fita kasuwa, ya hau raƙumi ya tsallaka hamada. Na mace, mafi yawansa, bai wuce ƙofar zaure ba.

Wannan bambanci ne ya yanke hukuncin abin da aka adana. Tun ayarin Ingilishi da ya hau Kwara a 1841 ya sayo tufafi a Egga, waɗanda ke gidan tarihi na Biritaniya a yau, idon baƙo yake kan abin da ake shimfiɗawa a kasuwa da abin da sarakuna ke sawa. Da kyamara ta zo tare da mulkin mallaka, ita ma fada ta nufa, da filin hawan sallah, da marinar Ƙofar Mata. Masu riƙe da ita maza ne, baƙi ne, gidan Bahaushe kuwa ba a shiga. Ko manazartan da suka yi aiki na gaskiya daga baya, ƙarfin aikinsu ya tafi ga sutura. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya kuma rubuta digirinsa na uku a kan aikin da ake yi wa tufafin Hausa. Venice Lamb da Judy Holmes sun zagaya ƙasar nan suna ɗaukar masaƙa, suka fitar da littafinsu a 1980, kuma ga irinsu ake komawa idan ana neman hoton luru ko masaƙar mata. Amma littafi ɗaya ba ya ɗauke ƙasa guda. Sunayen da ke yawan maimaituwa a wannan fage su ne Kano da Kura da Zariya da Bida. Garuruwan bakin daji suna can gefe.

Wadda ta fi kowa leƙa cikin ɗakin ba kyamara ta shiga da ita ba. Mary Smith, da yake mace ce, ta zauna da Baba ta Karo a Giwa, maƙwabciyar Birnin Gwari ta gabas, tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta labarin rayuwarta da aka buga a 1954. A nan ne mai karatu ke jin yadda kaɗi yake ba mace kuɗin kanta, da yadda ake tara wa yarinya kayan aure, da yadda mahara suka riƙa wargaza ƙauyuka kafin zuwan Turawa. Siffar zannuwan da kansu, da launinsu da tsarin zanensu, babu wanda ya ajiye.

Mayafin teburi kuwa baƙo ne, kuma yana da kyau a faɗi haka ƙarara. Bahaushe a tabarma yake cin abinci, abin da ke rufe masa ƙwarya ko akushi shi ne faifai, wanda shi ma saƙa ce ta mata mai launuka da sunaye. Teburi ya shigo da ofis da makaranta da gidan ma'aikaci. Makarantun 'yan mata da aka buɗe a Kano da Katsina a farkon shekarun 1930 sun sa ɗinki da kula da gida a gaba, haka ma makarantun mishan a kudancin lardin Zariya. Daga nan allura da zaren kanti da kwarashi suka bazu, daga matar malamin makaranta zuwa maƙwabciyarta, daga birni zuwa ƙauye. Sai dai matan Hausa ba su tsaya a teburi ba, domin yawancinsu ba su da shi. Gado suka mayar dandalin. Da gadon ƙarfe mai rumfa ya zama abin yayi, zanen gado da rigunan filo da labulen rumfa suka zama wurin da amarya da ƙawayenta ke nuna gwaninta, kamar yadda jeren kwalla da tasoshi ke nuna ƙarfin iyayenta. Da rediyo da talabijin suka zo, su ma aka saƙa musu mayafi.

Yadin da ake wannan aiki a kansa shi ma yana da tarihi. Masaƙar Kaduna ta KTL ta fara aiki a 1957, tana fitar da akoko daga audugar Arewa, sauran masaƙu suka biyo baya har Kakuri ta zama unguwar masaƙu. Yadin kamfani mai araha ya rage wa mazari daraja, domin babu dalilin kwashe makonni ana kaɗi alhali ga alawayyo a kasuwa. Cikin ƙarni ɗaya gwado ya koma kayan tsofaffi. Su kansu masaƙun ba su ɗore ba. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, kasuwa ta koma hannun yadin Sin. Ke nan zanen gado mai surfani na shekarun 1970 shaida ne na abubuwa biyu da suka shuɗe, hannun da ya ɗinka shi da injin da ya saƙa yadinsa.

Me ya sa tsofaffin ba su tsira ba ko a lokacin zaman lafiya? Saboda a gidan Hausa ƙyalle ba ya ritaya. Zanen gadon amarya, in ya koɗe, ya koma shimfiɗar yara. In ya yage a yanka shi majanyi. Daga majanyi sai gammo, ko tsumman goge-goge, ko lagwanin fitila. Rigar sarki ana ninke ta a adaka ta shekara ɗari, amma gwado sai ya ƙare a bakin aiki. Ga kuma gara da ɓera da damina. Sannan kayan ɗaki dukiyar mace ce ta kanta, wadda iyayenta suka yi mata, da ita take fita in aure ya mutu, ita take miƙa wa dillaliya in yunwa ko ciwo ya matsa. Abin da ake sayarwa ranar wuya ba ya daɗewa a hannu ɗaya.

Dalili na biyu sabo ne, kuma kowa ya san shi. Fiye da shekara goma dajin nan ya zama mafakar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da ta Funtuwa suka zama abin tsoro. A watan Mayun 2018 an kashe mutane fiye da 40 a ƙauyen Gwaska kaɗai, kuma wannan ɗaya ne cikin hare-hare masu yawa. Rahotanni kan ƙirga rayuka, wani lokaci shanu da rumbuna da babura. Ba a ƙirga ɗaki. Matar da ta gudu cikin dare da goyo a baya ba ta ɗauki akwati ba, wadda ta samu ta fito da shi kuwa ta sayar da abin ciki a garin da ta yi hijira. Ba wanda zai kwatanta asarar zane da asarar rai. Amma ga macen karkara da ba ta da takardar fili ko asusun banki, abin da ke cikin akwatin nan shi ne jarinta, shi ne kuma abin da uwarta ta bar mata. Ƙasar ta taɓa ganin irin wannan a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da hare-haren Nagwamatse na Kwantagora suka addabi ƙasar Gwari.

A yau kyamara tana aljihun kowa, kuma ba a taɓa ɗaukar hoton ɗakin amarya kamar yanzu ba. Ana gama jere bidiyo ya hau TikTok. Sai dai kayan Turkiyya da Dubai da Sin ake ɗauka, tsohon gwadon kaka yana ƙarƙashin katifa don kada ya ɓata tsari. Ko an so ɗaukarsa ma, ba ya ba da kai da sauƙi. Zanen da aka rina da shuni aka buga yana ƙyalli, waya kuma kan mayar da shi baƙi ƙirin ko ta wanke shi ya koma toka-toka. Farin akoko a rana tsaka yana haɗiye surfanin da ke kansa. Masu wannan aiki a gidajen tarihi sukan shimfiɗa ƙyallen a inuwa, haske ya zo daga gefe don tudu da kwarin saƙar su fito, su ajiye ma'auni a kusa. Sukan ɗauki ciki da baya, domin a baya ake gane ɗinkin hannu da na keke. Sukan matso kusa da zaren, domin na mazari ba ya tafiya daidai, yana kauri yana sirancewa, na inji kuwa santal yake. Hoton da aka tura ta WhatsApp yakan rasa wannan duka, saboda manhajar tana matse shi.

Mafi tsada a cikin aikin ba ya shiga kyamara. Wace ce ta saƙa, a wane gari, don auren wa, me ake kiran wannan zane, nawa aka saye shi, shekarar wane sarki ko wace yunwa. Wannan ne ya sa shirin da gidan tarihi na Biritaniya ya fara a 2018 don ceto ilimin sana'o'in hannu ya fi karkata ga yadda ake yin abu da bakin masu yinsa. A Birnin Gwari masu wannan sani tsofaffin mata ne, waɗanda ɗan jarida namiji ba zai zauna da su a ɗaki ba, jikanyarsu mai waya kuwa tana shiga ba sallama. Gidan Arewa da gidan tarihi na Kaduna suna nan a babban birnin jihar, amma takardu da kayan sarauta suka fi saba karɓa.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan sulhun da aka ƙulla, motoci suka koma hanya, wasu manoma suka koma gonakinsu. Inda hanya ta buɗe, fatake na biye. Tuni dai tsofaffin luru da gwado na ƙasar Hausa suke bayyana a shagunan intanet na Turai da Amurka, an ɗauke su hoto mai kyau a kan farin bango, da tsawo da faɗi da farashi a dala. A ƙarƙashin hoton akan rubuta cewa bargon Hausa ne daga arewacin Nijeriya, na tsakiyar ƙarni na 20. Babu sunan gari, babu sunan wadda ta kaɗa zaren.