Bangon faifai da tallar jarida: Yadda Fela Kuti da Lemi Ghariokwu suka mayar da kwali fagen siyasa

Bangon faifai shi ne kwali ko takardar da ake saka kundin waƙoƙi a ciki, haɗe da duk zane, hoto da rubutun da ke jikinsa. Tallar faifai kuwa shafi ne, ko wani yanki na shafi, da mawaƙi ko kamfaninsa ke saya a mujalla ko jarida domin sanar da fitowar kundin. Ana tsara su tare, kuma a darasin nazarin kafafen yaɗa labarai a makarantun Ingila akan ba ɗalibai aikin ƙirƙiro su biyun a matsayin jarrabawa. A idon ɗan kasuwa aikinsu jawo mai saye ne. Tarihin Nijeriya ya nuna suna da wani aikin: a lokacin da gwamnati ke riƙe da rediyo da talabijin, kwalin faifai da filin talla sun ɗauki maganar da ba ta da wata ƙofar fita. Babban misali shi ne aikin mawaƙi Fela Anikulapo Kuti da mai zane Lemi Ghariokwu.

Asalin sana'ar

Kafin 1940 fayafayan garmaho ba sa ɗaukar fiye da 'yan mintuna a kowace fuska. Ana sayar da su ne a cikin takarda mara ado, ko a haɗa da yawa cikin wani littafi mai aljihuna irin na adana hotuna, wanda daga gare shi kalmar albam ta samo asali. A 1940 wani matashi mai zane a kamfanin Columbia Records na Amurka, Alex Steinweiss, ya shawo kan shugabanninsa suka yarda a yi wa bangon zane. A 1948 kamfanin ya fito da dogon faifai mai faɗin inci 12, wanda ke ɗaukar sama da minti 20 a kowace fuska, Steinweiss kuma ya tsara masa rigar kwali. Wannan kwali, mai kimanin santimita 31 a tsawo da faɗi, shi ya zama allon da masu zane suka yi aiki a kansa shekaru da dama. Tun daga bikin farko na lambar yabon Grammy a 1959 ake ware kyauta ta musamman ga bangon faifai.

Daga nan fili ya yi ta raguwa. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, bangonsa bai wuce tafin hannu ba. Faifan CD ya shigo kasuwa a 1982 da ɗan littafi mai santimita 12. A yau bangon hoto ne mai kusurwa huɗu da ke bayyana a fuskar waya, wani lokacin bai kai girman kan sarki ba.

Sassan bango da aikin kowanne

Fuskar gaba ita ke ɗauke da sunan mawaƙi, sunan kundi da babban hoto. Ita ce ke da alhakin tsayar da mai wucewa. Fuskar baya tana ɗauke da jerin waƙoƙi, sunayen makaɗa da masu ɗaukar sauti, tambarin kamfani, lambar kundi, da alamomin haƙƙin mallaka biyu: © ta zane da rubutu, da ℗ ta sautin da aka naɗa. Siririn gefen kwalin shi ake gani idan an jera fayafayai a kanta, don haka dole sunan ya karantu a wurin. Ciki kuwa wurin baitocin waƙa ne, da hotuna, da bayanin abin da ya haifar da kundin.

Akwai ƙa'idojin maɗaba'a da mai zane ba ya tsallakewa. Ana buga hoto mai launi ne da tawada huɗu: shuɗiya, ja mai ratsin hoda, rawaya da baƙa, saboda haka launin da ya yi haske a fuskar kwamfuta yakan dusashe a takarda. Ana kuma barin rarar zane ta kimanin milimita 3 a kowane gefe, don kada wuƙar yankan takarda ta bar farin layi idan ta ɗan kauce.

Tallar mujalla tana aron babban hoton bangon, da launukansa, da fasalin haruffansa, domin wanda ya gan ta a shafi ya gane kundin da zarar ya hango shi a shago. Abin da take ƙarawa kaɗan ne: ranar fitowa, wurin saye, sunan kamfani, wani lokacin da gajeren yabo daga wata jarida. Bambancinta da bango shi ne wa'adi. Talla takan mutu da fitowar mujalla ta gaba, bango kuwa yana zama a ɗaki muddin faifan na nan.

Haɗuwar mawaƙi da mai zane

An haifi Fela a Abeokuta a 1938, Lemi kuma a Legas a 1955. Lemi bai yi makarantar koyon zane ba, da kansa ya koya. A 1974 ɗan jarida Babatunde Harrison ya ga wani zanensa na jarumin fim Bruce Lee, ya nemi ya zana Fela, sannan ya kai shi gidan mawaƙin. Kamar yadda Lemi ya sha ba da labari, Fela ya miƙa masa naira 120 ladan zanen, ya ƙi karɓa, sai Fela ya ba shi izinin shiga gidansa a duk lokacin da ya so. Daga wannan shekara zuwa farkon shekarun 1990 ya zana wa Fela bango 26.

Yanayin lokacin ya ƙara wa aikin nauyi. Duk gidajen rediyo da talabijin na gwamnati ne. Ba a halatta masu zaman kansu ba sai a 1992. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓi kashi 60 cikin ɗari na hannun jarin Daily Times, ta kuma karɓe New Nigerian ta Kaduna. Ga shi waƙoƙin Fela dogaye ne, ɗaya takan cinye fuskar faifai guda, kuma suna sukar masu mulki kai tsaye. Don haka shagon sayar da faifai ya zama wurin da jama'a ke fara haɗuwa da saƙon, bangon kuma shi ne ke fara magana.

Hanyar aikin Lemi ta bambanta da ta yawancin masu zanen kamfani. Yakan halarci wurin da ake gwajin waƙar tun kafin a naɗe ta, yana kuma cikin mahawarar siyasa da ake yi a gidan. A 1976 yana cikin matasan da suka kafa ƙungiyar Young African Pioneers, wadda ke buga 'yar jaridarta mai ɗauke da zane-zanensa. Bangon da ya fito daga irin wannan zama sharhi ne a kan waƙar, mai ƙara abin da waƙar ba ta faɗa ba. Sau da yawa yakan rubuta baitocin a bayan kwalin cikin Turancin buroka, ta yadda ko wanda ba shi da garmaho zai karanta.

Bango huɗu da abin da suka faɗa

*Alagbon Close* (1974) shi ne na farko. Sunan na ofishin 'yan sandan bincike ne da ke Ikoyi a Legas, inda aka tsare Fela a wannan shekara bisa zargin mallakar tabar wiwi. Lemi bai zana shi a matsayin fursuna abin tausayi ba. Ya nuna shi yana rawa, sarƙar hannunsa a tsinke, gidan tsaron yana rushewa, wani ƙaton kifi kuma ya kifar da jirgin 'yan sanda. Wanda aka kama shi ne ya fito a matsayin mai nasara.

*Yellow Fever* (1976) ya juya ga al'umma ne, ya bar gwamnati. Waƙar suka ce ga shafa man bilicin, bangon kuma ya nuna jikin mace da fata dabbare-dabbare, ga man a gefe kamar yadda ake nuna kaya a talla. Zanen ya ari siffar tallar kayan kwalliya domin ya yaƙi abin da irin wannan talla ke sayarwa.

*Zombie* (1976) ya kwatanta sojoji da gawarwaki masu tafiya waɗanda ba sa motsi sai da umarni. A nan Lemi ya ajiye buroshi, ya yanka hotunan sojoji na gaske ya haɗa su da hoton Fela riƙe da makirufo. Hoton kamara yana da nauyin shaida wanda zanen barkwanci ba shi da shi. A ranar 18 ga Fabrairu, 1977, kwanaki kaɗan bayan rufe bikin FESTAC wanda Fela ya ƙaurace wa, sojoji kimanin 1,000 suka afka wa gidansa da ya raɗa wa suna Jamhuriyar Kalakuta, suka ƙone shi. An jeho mahaifiyarsa, 'yar gwagwarmaya Funmilayo Ransome-Kuti, daga tagar bene, ta rasu a Afrilun 1978. Binciken da gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta kafa ya ɗora laifin a kan sojojin da ba a san ko su wane ne ba. Masu tarihi suna lissafa wannan kundi cikin manyan abubuwan da suka harzuƙa sojojin.

*Beasts of No Nation* (1989) ya biyo bayan ɗaurin da aka yi wa Fela a 1984, zamanin mulkin soja na Muhammadu Buhari, bisa tuhumar da ta shafi kuɗin ƙasashen waje. An yanke masa shekara biyar, gwamnatin Ibrahim Babangida ta sake shi a 1986. A bangon, Lemi ya zana Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher, Shugaban Amurka Ronald Reagan, Shugaban Afirka ta Kudu na zamanin wariyar launin fata P. W. Botha da Mobutu Sese Seko na Zayar da siffar dodanni. Ya haɗa zaluncin gida da na waje a shafi guda.

Filin talla a matsayin mumbari

Abin da Lemi ya yi da kwali, Fela ya yi shi da shafin talla. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 ya riƙa sayen fili a Daily Times da The Punch, yana buga gajerun rubuce-rubuce ƙarƙashin taken "Chief Priest Say". A ciki ya soki gwamnati, ya soki kamfanonin ƙasashen waje, ya soki addinan da suka shigo Afirka daga waje, abin da ya sa har cikin masoya kiɗansa akwai waɗanda suka ƙi ra'ayinsa. Dabarar ita ce labari yana bi ta teburin edita, talla kuwa ta ofishin kasuwanci take bi, inda abin da aka fi dubawa shi ne kuɗin fili. Dabarar tana da iyaka, domin mai jarida yana iya ƙin karɓar kuɗin, kuma daga baya jaridun biyu sun daina buga rubutun.

Wannan ƙofa ta ƙara tsukewa tun daga lokacin. A 1988 aka kafa hukumar kula da masu talla ta APCON, wadda dokar 2022 ta maye gurbinta da ARCON. A ƙarƙashin wannan tsari ana buƙatar a tantance talla kafin a fitar da ita ga jama'a.

Wa ke da iko da bango?

Alaƙar mutanen biyu ba ta rasa saɓani ba. Sun ɓata a ƙarshen shekarun 1970 bayan Fela ya ƙi zanen da Lemi ya yi wa kundin *Sorrow, Tears and Blood*, kuma ba su koma aiki tare ba sai bayan fitowar Fela daga kurkuku. Rikicin ya taɓo tambayar da ke cikin kowane aikin bango: shin mai zane ɗan aike ne da ke isar da saƙon mawaƙi, ko abokin magana ne mai nasa ra'ayin? Ƙarfin zane-zanen Lemi ya fito ne daga 'yancin da aka ba shi, kuma a kan wannan 'yanci aka yi faɗan. A tsakanin lokacin ya ci gaba da yi wa wasu mawaƙa da kamfanoni aiki, kuma adadin bangon da ya tsara a tsawon rayuwarsa ta aiki ya haura 2,000.

Bayan garmaho

Fela ya rasu a ranar 2 ga Agusta, 1997. A 2003 gidan baje kolin fasaha na New Museum da ke birnin New York ya shirya nuni mai suna *Black President* a kan tarihinsa, ayyukan Lemi suna ciki. Kwalayen da aka yi don kantar shago sun koma bangon gidan tarihi.

Salon bai tsaya nan ba. A 2018 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta NBC ta hana saka waƙar Falz mai suna "This Is Nigeria" a rediyo da talabijin. Da mawaƙin zai fitar da kundinsa *Moral Instruction* a Janairun 2019, ana gab da babban zaɓe, Lemi ya nema ya zana masa bango.

Sharuɗɗan aikin dai sun canza. Bangon Lemi na da cike yake da ƙananan mutane da rubuce-rubuce da mai saye zai zauna ya karanta ɗaya bayan ɗaya, abin da ɗan hoton waya ba zai ɗauka ba. Mai zane na yau dole ya tattara saƙonsa cikin siffa guda da za a gane ko an ƙanƙantar da ita. Tallar mujalla ma ta koma Instagram, X da YouTube, inda ƙa'idojin kamfanonin ke yanke abin da zai tsaya da abin da za a sauke. Mai tsaron ƙofa ya sauya daga edita da soja zuwa hukuma da kamfanin intanet, amma har yanzu bango ne mutum ke fara gani kafin ya ji sautin farko na waƙa.