Alƙalan Aro: Nauyin da Masu Zaman Juri ke Ɗauka da Bashin da Suke Bin Hukuma

Gabatarwa

A Ingila da Amurka da Kanada, mutum yana cikin sabgoginsa sai takarda ta iso masa daga kotu, an umarce shi da ya bayyana ranar kaza domin zaman juri. Bai karanci shari'a ba. Ƙila direban bas ne, ko ma'aikaciyar jinya, ko mai ɗan shago, sunansa ne kawai ƙuri'a ta faɗa wa daga jerin 'yan ƙasa. Za a haɗa shi da mutum 11 da bai taɓa gani ba, su saurari shaidu, sannan a rufe su a ɗaki su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin ko bai aikata ba. Alƙali yana fayyace doka, kuma galibi shi ke yanke horo, amma kalmar da za ta ɗaure mutum ko ta sake shi daga bakinsu take fitowa.

Masana sun daɗe suna muhawara kan wannan tsari, sai dai yawanci ta fuskar wanda ake tuhuma, ko ta fuskar kuɗi da lokacin da yake cinye wa kotu. Wannan maƙala ta dube shi ta fuskar waɗanda suka yi zaman. Hujjarta ita ce: hukumar da ta tilasta wa ɗan ƙasa ya ara mata lamirinsa ta ci bashinsa, kuma dokar sirrin da aka kafa domin kare shi ta zama hanyar ƙin sauraronsa a wurare da dama.

Tushen 'yancin

A shekarar 1670 aka gurfanar da William Penn da William Mead a kotun Old Bailey ta Landan, bisa zargin tara jama'a ba bisa ƙa'ida ba, bayan Penn ya yi wa'azi a bakin titi. Masu zaman juri suka ƙi ba da hukuncin da alƙalai ke so. Aka kulle su kwana biyu ba ci ba sha, ba wutar jin ɗumi, suka tsaya kan bakansu. Aka ci tararsu, ɗaya daga cikinsu, Edward Bushel, ya ƙi biya, aka jefa shi kurkuku. Da maganar ta kai gaban Babban Joji Vaughan, sai ya yanke cewa ba a hukunta mai zaman juri saboda hukuncin da ya bayar.

Abin lura a nan shi ne, 'yancin da ake alfahari da shi a yau talakawa ne suka saye shi da yunwa da ɗauri. Daga wannan 'yanci aka gina hujjar sirri: idan ba a hukunta mutum kan abin da ya yanke, bai kamata a tsare shi da tambayar yadda ya kai ga yankewar ba. Manufar tana da kyau, kuma duk gyaran da za a kawo dole ya kiyaye ta.

Abin da masu zaman ke faɗa

Alexis de Tocqueville, Bafaranshen da ya zaga Amurka ya wallafa littafinsa a 1835, ya ɗauki juri a matsayin makaranta ta kyauta inda ɗan ƙasa ke koyon haƙƙinsa da nauyin da ke kansa. Bayanan waɗanda suka yi zaman sun gaskata shi ta wani ɓangare. D. Graham Burnett, masanin tarihi da ya shugabanci juri a wata shari'ar kisan kai a Manhattan, ya ba da labarinsa a littafin da ya fitar a 2001. Wanda ake tuhuma ya ce kare kansa ya yi. Kwana huɗu suka yi suna ja-in-ja kafin su sake shi, alhali da yawansu ba su gamsu cewa hannunsa tsarkakakke ne ba. Abin da ya rinjaye su shi ne masu gabatar da ƙara ba su kawar da shakka ba. Darasin da irin wannan zama ke koyarwa mai ɗaci ne: zato daban, hujja daban, kuma hukuma mai ikon ɗaure mutum ita ce ya wajaba ta kawo hujja.

Masu suka sukan ce talaka bai da ƙwarewar wannan aiki. Binciken da Harry Kalven da Hans Zeisel suka wallafa a 1966, wanda ya ƙunshi shari'o'in laifi sama da 3,500, ya nuna cewa alƙali da juri sun yi ittifaƙi a kusan kashi 78 cikin 100. Inda suka saɓa, galibi juri ne ya fi sassauci. Ke nan matsalar ba ta hankalin mutane ba ce. Binciken Cheryl Thomas da Ma'aikatar Shari'a ta Birtaniya ta fitar a 2010 ya nuna inda gizo ke saƙa: kashi 31 cikin 100 ne kawai suka fahimci umarnin alƙali sarai lokacin da aka karanta musu shi da baki, amma da aka ba su taƙaitaccen bayani a rubuce, adadin ya haura zuwa kashi 48. Takarda guda ta kawo wannan bambanci. Laifin rashin fahimta ya fi karkata ga kotun da ke magana da yaren lauyoyi, kuma ba a gano hakan ba sai da aka tambayi masu zaman juri da kansu.

Raunin da ba a gani

Akwai ɓangaren da Tocqueville bai hango ba. A 2009 Japan ta fara tsarin da talakawa shida ke zama tare da alƙalai uku a manyan laifuka. A 2013 wata dattijuwa a lardin Fukushima ta yi irin wannan zama a shari'ar fashi da kisa. An nuna musu hotunan gawarwaki masu launi, aka kunna musu muryar wadda aka kashe tana kiran neman agaji ta waya. Dattijuwar ta yi amai a lokacin hutun rana, ta koma ta zauna, domin doka ba ta ba ta zaɓi mai sauƙi ba. Shari'ar ta ƙare da hukuncin kisa. Bayan haka barci ya ƙaurace mata, likitoci suka tabbatar tana fama da matsananciyar damuwa. Ta kai gwamnati ƙara, kotu ta kori ƙarar a 2014.

A Kanada ma haka ta faru da Mark Farrant, wanda ya yi zaman juri a shari'ar kisan kai a Toronto a 2014, ya fito da ciwon firgici. Dokar ƙasar a lokacin ta haramta masa faɗa wa kowa abin da ya gudana a ɗakin shawara, har da likitan da zai yi masa magani. Farrant bai yi shiru ba. Ya kafa ƙungiyar kare haƙƙin masu zaman juri, ya yi ta kai kukansu majalisa, har aka gyara dokar a 2022, aka halatta musu buɗe wa ma'aikacin lafiya cikinsu bayan an gama shari'a.

A duba bambancin da ke tsakanin mai zaman juri da sauran mutanen kotu. Ɗan sanda da lauya da likitan binciken gawa sun zaɓi aikinsu, an horar da su, suna da abokan aiki da za su tattauna da su. Mai zaman juri kuwa an ɗauko shi ne daga kan sana'arsa, aka ajiye masa hoton yaron da aka yi wa yankan rago, aka gargaɗe shi kada ya faɗa wa matarsa komai idan ya koma gida. Ranar da aka gama, alƙali ya gode masa, ya kama hanyar tasha. Ciwon da ba a faɗa wa mai magani ba ya warkewa, kuma a nan doka ce da kanta ta rufe bakin majinyaci.

Mai karatun da ya tashi cikin tarbiyyar Musulunci ba zai yi mamakin wannan nauyi ba. Magabata sun san hatsarin kujerar alƙalanci, shi ya sa Imam Abu Hanifa ya gwammace ɗauri a zamanin Halifa Mansur a kan ya karɓe ta. Abin da babban malami ya guje wa da sani, shi ake ɗora wa direban bas da takarda guda.

Sirri: garkuwa ko murfi

Ingila da Amurka sun bi hanyoyi mabambanta. A Ingila dokar 1981 ta haramta bayyana abin da aka faɗa a ɗakin shawara, kuma tun 2015 ya zama laifin da zai iya jawo ɗaurin shekara biyu. A Amurka kuwa, da zarar an gama shari'a mai zaman juri yana da damar magana. Bayan shari'ar O. J. Simpson ta 1995, wadda aka killace masu zamanta kusan wata tara, wasunsu sun yi hira da 'yan jarida, wasu sun rubuta littattafai.

Masu goyon bayan tsarin Ingila suna da hujja mai ƙarfi. Wanda ya san gobe za a buga maganarsa a jarida ba zai faɗi ra'ayinsa tsakani da Allah ba. Wanda ke hangen cinikin littafi zai iya karkata ga hukuncin da zai fi jawo kasuwa. Sannan dole shari'a ta sami ƙarshe, in ba haka ba duk wanda ya yi nadama zai dawo ya warware abin da aka ƙulla. Waɗannan dalilai gaskiya ne, kuma ba na ganin a mayar da ɗakin shawara dandalin kallo.

Amma a auna su da shari'o'i biyu. A shari'ar Mirza, wadda ta kai gaban kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin a 2004, wanda ake tuhuma ɗan asalin Pakistan ne da ya yi amfani da tafinta. Bayan an same shi da laifi, ɗaya daga cikin masu zaman ya rubuta wasiƙa cewa abokan zamansa sun ɗauki neman tafinta a matsayin dabara, kuma ƙyamar launin fata ta shiga hukuncin. Kotu ta ce ba za ta karɓi irin wannan shaida ba, Lord Steyn kaɗai ya saɓa. A Amurka, a shari'ar Peña-Rodriguez ta 2017, masu zama biyu sun ba da rahoton cewa wani abokin zamansu ya ɗora laifi kan wanda ake tuhuma saboda asalinsa na Meziko. Kotun Ƙoli ta yanke cewa a irin wannan hali dole sirri ya kauce. A duka biyun, mai zaman juri ne ya ga zalunci da idonsa ya yi ƙarfin halin faɗa. A ɗaya an saurare shi, a ɗayan an mayar masa da maganarsa.

Tarihi ya nuna abin da rufaffen ɗaki ke iya ɓoyewa. A 1955 a jihar Misisipi, juri na fararen fata zalla ya wanke mutum biyu da suka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, bayan shawarar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Watanni kaɗan bayan haka mutanen biyu suka amsa laifinsu a wata mujalla. Sirrin da ya kare Bushel daga alƙali azzalumi zai iya kare juri azzalumi daga idon jama'a, don haka dole ya kasance da iyaka.

Kuɗin zama

Akwai kuma maganar aljihu. Kotunan tarayyar Amurka suna biyan dala 50 a rana. A Ingila abin da ake mayar wa mutum na asarar albashi a kwanaki goman farko bai wuce fam 64.95 a rana ba. Ma'aikacin da ofishinsa zai ci gaba da biyansa ba ya jin zafi, amma mai sana'ar hannu da sai ya fita yake samu, shari'ar wata biyu na iya durƙusar da shi. Sakamakon haka irinsa ne ke neman uzuri, sai juri ya rasa muryar da aka kafa shi dominta. A Gana, inda mutum bakwai ke zaman juri a shari'o'in kisan kai, masu zaman sun sha ƙaurace wa kotu saboda an riƙe musu alawus, shari'o'i suka tsaya, waɗanda ke tsare suka ci gaba da jira a kurkuku. Legas ta taɓa aiki da juri kafin a soke shi a shekarun 1970, kuma duk mai sha'awar a dawo da shi Nijeriya ya kamata ya fara nazarin abin da ya faru a Gana.

Kammalawa

Tsarin juri ya cancanci a riƙe shi inda yake da tushe, domin yana sa hukuma ta gamsar da talakawa kafin ta ɗaure ɗayansu. Sai dai wanda aka tilasta wa wannan aiki yana bin hukuma abu huɗu. A yi masa bayanin doka a rubuce da harshen da yake ji. A biya shi abin da zai hana gidansa shiga yunwa. A ba shi damar ganin likita ya faɗi duk abin da ke damunsa, kamar yadda Kanada ta yi. A buɗe masa ƙofar kai ƙara idan ya ga an yi zalunci a ɗakin shawara, a kuma bar masu bincike su tambaye shi ba tare da bayyana sunan kowa ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke rusa 'yancin lamiri. Gyaran Kanada na 2022, da hukuncin Amurka na 2017, da darasin binciken 2010, duk sun samu ne saboda an saurari wanda ya yi zaman. Kotun da ta amince wa talaka ya yanke makomar ɗan'uwansa ba ta da hujjar ƙin amincewa da shaidarsa kan yadda aikin ya gudana.