Yelwan Yawuri da Tarihin da Ruwa Ya Rufe

Masu iya magana kan ce tafiya mabuɗin ilimi. Na daɗe ina koya wa ɗalibai cewa Yawuri tana cikin Banza Bakwai, amma ban san ƙasar ba sai a takarda. Wannan ne ya sa na yi amfani da hutun ƙarshen zango na tafi Yelwa, hedikwatar masarautar, wadda ke bakin Tafkin Kainji a Jihar Kabi.

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne yadda rayuwar garin ta dogara ga ruwa. Tun da asuba jiragen kwale-kwale ke isowa gaɓa, ɗauke da kifi da buhunan albasa da 'yan kasuwa. To amma Yelwa ba ita ce cibiyar farko ba. Tsohuwar fadar tana Birnin Yawuri, inda har yanzu ake ganin kufan ganuwa. Rikice-rikicen ƙarni na 19 ne suka kai sarauta tsibirin Ikum, kafin ta zauna a Yelwa a 1888, zamanin Sarki Abarshi. Wato dai tsibiran Kogin Kwara su ne mafakar Yawurawa a duk lokacin da tudu ya yi zafi.

Ta cikin waɗannan tsibirai ne Baturen nan Mungo Park ya wuce a 1806. A Yawuri ne tafintansa ya sauka, shi kuwa ya ci gaba har Busa, inda ya halaka a ruwa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka iso suna cigiyar takardunsa, suka yi makonni a wurin Sarki, ba su samu abin da suka zo nema ba.

Daga Yelwa na gangara Zamare, inda ake haye ruwa zuwa Rofiya. A nan na yi hayar jirgin wani dattijo Bagunge. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, su ne tsofaffin mazaunan tsibiran, kuma daga kalmar gungu Hausawa suka laƙaba masu suna. Sun shahara da noman albasa da na gero, yayin da Sarkawa suka fi ƙarfi a su. Da muka kai tsakiyar ruwa sai ya tsai da tuƙi, ya nuna mini wani wuri da filafili ya ce, "Malam, a ƙarƙashin nan aka yanke mini cibi, nan kuma kabarin mahaifina yake." Na duba, ban ga komai ba sai ruwa.

Dalili kuwa sananne ne. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru ya kai tsawon kimanin kilomita 130, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai masu yawa, ya kuma tilasta wa fiye da mutum 40,000 ƙaura. Gwamnati ta gina masu sababbin gidaje na siminti a tudu. Sai dai manomin da ya saba da ƙasar da ambaliya ke sabuntawa kowace shekara, ya wayi gari a kan ƙasar da bai san halinta ba. Bugu da ƙari, cuɗanya da Hausawa a sababbin matsugunai ta ƙara raunana harshensu. A ƙauyukan da na kwana, yara da Hausa suke wasa, sai tsofaffi ne ke hira da yaren kakanni.

Ba ina cewa madatsar ba ta yi amfani ba, domin wutar lantarkinta ta haskaka garuruwa da dama. Abin nufi shi ne, waɗanda suka biya farashin ba su sami gurbi a littattafanmu ba. Mun san shekarar da Park ya nutse, amma ba mu san sunayen gungayen da suka nutse ba. Waɗanda suka rayu a kansu da wayonsu duk sun haura shekara 60 a yau.

Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri da su ɗauki rikoda su nufi Yawuri, su tattara sunayen tsibirai da tatsuniyoyi da waƙoƙin noma da na su tun masu su suna raye. Allah Ya sa a dace.