Daga Wuri Zuwa Naira: Yadda Canjin Kuɗi Ya Koya Wa Mutanen Gombe Ajiya

'Yan uwa mazauna Pantami, idan muka waiwayi tarihin garinmu za mu ga cewa kuɗin da ke hannu ya sha rasa daraja, amma kadara ta fi jure wa sauyin zamani.

A zamanin da Buba Yero ya kafa masarautar Gombe a farkon ƙarni na 19, ana auna arzikin mutum da shanu, da hatsin rumbu, da tufafi, sannan da wuri. Da Turawan mulkin mallaka suka zo, sai suka hana shigo da wuri a 1904, suka matsa a riƙa biyan haraji da kuɗinsu. Wanda ya tara buhunan wuri ya ga suna lalacewa a hannunsa, mai garken shanu kuwa dukiyarsa ta tsira.

A 1919 aka dawo da hedikwatar masarauta daga Nafada zuwa Gombe ta yanzu. Noman auduga ya bunƙasa, jirgin ƙasa ya iso garin a 1963, kuɗi suka shigo hannun manoma da 'yan kasuwa. Kuɗin auduga sau ɗaya suke zuwa a shekara, don haka dole magidanci ya tsara yadda za su kai shi wata kakar: a cika rumbu tukuna, a ware na haraji, sauran a sayi dabba.

A ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, ana ba da naira 2 a kan fam 1. A lokacin naira ta fi dalar Amurka ƙarfi. A Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sauya launin takardun kuɗi, ta rufe iyakoki, ta ba da ɗan gajeren wa'adi. Masu binne kuɗi a tukunya da yawa sun tafka asara. Daga 1986, da shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida, naira ta fara zubewa, har a 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Kuma dukanmu mun ɗanɗani wahalar ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000.

A duk tsawon wannan lokaci, adashi ne ya riƙe iyayenmu mata da masu ƙaramin jari. Mutum goma su riƙa zubin naira 5,000 duk mako, kowa ya kwashi 50,000 idan layi ya zo kansa. Amfaninsa yana ga abin da aka yi da kwasar. Wadda ta sayi tumaki ta yi kiwo zuwa Babbar Sallah, ko wanda ya sayi masara da kaka a Tudun Hatsi ya sayar da damina, kuɗinsu sun haihu. Wanda ya zuba su a biki, sai ya sake farawa daga tushe.

Yau akwai ƙarin hanyoyi ga mai gudun kuɗin ruwa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017, don gina hanyoyi. Sai dai a yi hattara da masu alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Rushewar MMM a Disamba 2016 ta ishe mu darasi.

Don haka kowane magidanci ya rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita, ya ware na ajiya tun ranar da kuɗi suka shigo, ya bar kaɗan don lalura, sauran ya mayar da su jari ko kadara. Allah ya sa albarka a nemanmu.